Kakin Zuma a Leɓen Tsohuwa

Litinin, 1 ga Maris 1697, bayan busar safe

Ina saurayi na fara jin labarin nan, a bakin wani mai tufkar igiya da ya sha ya yi tatul. Wai lokacin da maigidana Maista Sebald ya tsufa, mabusan da ke ƙarƙashinsa sun kasa ce masa ya sauka, sai suka liƙa kakin zuma a leɓen sarewarsa. Yana busawa, iska na wucewa, yatsu na tafiya, amma ba murya. Wai shekara biyu ya yi haka a gaban gari duka, ogan, wato babban abin kiɗan coci, yana rufe masa asiri. Ni a lokacin ina yawon ƙaro sani a garuruwan kudu, kamar yadda kowane mabushi ke yi, na dawo na tarar an binne shi. Na yi wa mai igiya dariya. Na ce wanda ya ƙago wannan bai taɓa riƙe sarewa ba.

Ban san abin da ya tuna mini da shi yau ba.

Ɗan saƙon majalisar gari ya hau mana hasumiyar gari, inda muke busa, da takarda. Bayan bikin Ista za a rufe tsofaffin sarewu takwas a akwati, a kai su ɗakin ajiya. Sababbi irin na Faransa za su maye gurbinsu. Ranar Ista ita ce ta ƙarshe da za a ji muryarsu. Shekara hamsin da ɗaya ina busa wa garin nan, talatin daga ciki ni ne shugaban mabusa, amma a takarda na gani. Ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, 3 ga Maris, da hantsi

Bari in rubuta yadda suke, tunda nan gaba ɓeraye ne kaɗai za su san su.

Tun zamanin kakan Sebald aka kawo su daga Venis a bayan alfadari. Hannu ɗaya ya fafe su, kowace daga guntun itace ɗaya, ba gaɓa, ba ado. Ƙaramar ba ta wuce tsawon cokali ba. Babbar, wadda muke kira Tsohuwa, ta fi ni tsawo, a ƙasa take tsayawa, da bututun tagulla ake hura ta, tagarta kuwa, inda leɓe yake, inda murya ke fita, tana can sama da kan mai busa. An daidaita muryoyinsu da juna ne, ba da komai ba a duniya. Ka raba ɗaya da 'yan'uwanta, ta zama sandar kora kaji.

Na Faransa fa? Lorenz, mijin 'yata kuma mataimakina, shi ya zo da su daga Nurnbag. Gaɓa uku-uku, katako rawaya, zoben hauren giwa, kamar ƙafar kujerar attajiri. Kowace so take ta yi waƙa ita kaɗai a saurare ta. Ga muryarsu ƙasa take da ta ogan ɗinmu, sai mai ogan ya riƙa sauko musu kamar mai lallashin amarya.

Utz, abokina tun muna koyon sana'a, ya ɗaga ɗaya ya sunsuna, ya ce ƙamshin turare take, matarsa za ta yi zargi. Na ce Utz, kai da ba ka da haƙoran gaba, ko bututun murhu aka ba ka duk ɗaya ne. Ya ce gara shi, haƙora ne kawai suka gudu suka bar shi. Sai kuma ya kama goge abin da ba ya buƙatar guga.

Asabar, 6 ga Maris, da yamma

Lorenz ya ɗauki Tsohuwa wai zai shafa mata mai. Shekara talatin ba hannun da ya shafa mata mai sai nawa.

Talata, 9 ga Maris, bayan azahar

Gwaji na farko a benen coci, ƙofofi a rufe saboda azumi. Mu huɗu da yaran sana'a huɗu.

Abin ya tafi sumul. Ba a tsaya ko sau ɗaya ba. Mai ogan, wanda bai taɓa yi mini murmushi ba tun da aka kawo shi, yau har da ɗan rusunawa. Lorenz ya ja mini kujera. Utz ya riƙe mini hula.

Ni ba na son irin wannan ladabin. Ladabin da ake yi wa mara lafiya ne.

Tun bikin 'yar magajin gari suke haka. Abin da ya faru a bikin nan ba zan rubuta ba, don ban ga abin da ya faru ba. Na ga dai mutane na kallon takalmansu.

Alhamis, 11 ga Maris, da safe

Algaita a kan hasumiya ƙarfe goma, kamar kullum. Wannan ina jin ta sarai, kowa ya sani.

Amma akwai abin da ya hana ni sakewa tun ranar Talata. Idan ka rufe ramukan Tsohuwa duka ka hura, itacen yakan yi rawa a ƙarƙashin yatsunka, kamar maƙogwaron kyanwa idan ana shafa ta. Har a ƙashin hannu kana ji. Ranar Talata ban ji ba. Na ce sanyi ne, yatsuna sun ƙage. Kuni matata ta ce haka ne, sanyi ne, ta saƙa mini safar hannu tun kafin in gama magana. Shekara arba'in da uku muna tare, ba ta taɓa yarda da ni da sauri haka ba.

Asabar, 13 ga Maris, da rana tsaka

Na jira duk sun sauka cin abinci. Na jingina Tsohuwa da bango, na jawo benci, na hau.

Kakin yana nan. Ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba, an lailaye shi a kan leɓe, an shafa masa toka don ya saje da itace. Aiki ne mai kyau. Ni na koya wa mai hannun nan tsabtar aiki.

Ban taɓa shi ba. Na sauko, na mayar da benci inda yake.

Ashe mai igiya ba giya ce ta sa shi magana ba.

Lahadi, 14 ga Maris, da yamma

Kuni ta dafa kifi da kabeji mai tsami. Ban ci ba. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Talata, 16 ga Maris, bayan azahar

Gwaji na biyu. Na ce bari in ga iyakar abin.

Su suna busa waƙar tashin Almasihu, ni kuwa na sa yatsuna a kan waƙar nan ta matuƙan kwale-kwale, wadda ake yi wa matar mai gidan giya, wadda ko a kasuwa ba a rera baitinta na uku. Daga farko har ƙarshe na busa ta, a cikin coci, cikin azumi, Allah ya yafe mini. Na hura har jijiyar wuyana ta tashi.

Da muka gama Lorenz ya juyo, ya ɗaga murya kamar yadda duk suke yi mini yanzu.

"Baba, yau kam Tsohuwa ta yi magana."

Na ce ta yi, har ta faɗi abin da bai kamata ba. Ya yi dariya bai san me yake wa dariya ba.

Shekara hamsin da ɗaya. Na busa wa garin nan lokacin annoba, ranar da mu biyu muka rage a hasumiya. Na busa ranar da sojoji suka kwana a dandali. Ban taɓa fashin busar safe ba sai ranar da aka binne ɗana. A ce a rasa mutum ɗaya, ɗaya tak, da zai tsaya a gabana ya buɗe baki. Sai kaki.

Alhamis, 18 ga Maris, da la'asar

Na tare Utz a matakala, inda ba hanyar gudu. Na ce labarin Sebald da kaki, gaskiya ne ko ƙarya? Ya ce wane kaki. Na ce wanda ke saman kaina kwana goma sha biyu.

Ya zauna a kan mataki. Ya ce shi ba shi ya liƙa ba, shi dai ya ba Lorenz labarin yadda magabata suka yi. Ya ce ai al'ada ce, Endres, jinƙai ne, haka aka yi wa Sebald ya mutu da girmansa. Na ce kana nan aka yi? Ya ce a'a, shi ma ji ya yi a wurin waɗanda suka yi, kuma da alfahari suke faɗa.

Na ce to ranar da numfashinka ya ƙare, in sa a ɗaure maka jakar iska a ƙarƙashin riga, wani ya riƙa matsa maka daga baya? Ya ce in dai za a bar masa rabonsa na tsiran biki, a matsa.

Na so in yi dariya. Ban ba shi wannan ba.

Da zan wuce ya kama mini gefen riga, ya ce wani abu a hankali. Ban ce ya maimaita ba.

Asabar, 20 ga Maris, da safe

Ƙasan kyandir ɗin da Kuni ke ajiyewa don Ista, na kakin zuma tsantsa, an yanke masa ɗan gefe da wuƙa. Na ɗora shi a kan tebur kusa da kwanon kununta.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zagayo ta zauna ta hannun damana, inda ta koma zama tun bara ba tare da mun taɓa maganar ba.

"Tsoho, kana so in faɗa, ko kana so ka yi faɗa?"

Na ce duka biyu.

Ta ce a bikin 'yar magajin gari na shiga kafin lokaci, kuma ban dawo ba. Sauran bakwai suna gaba ɗaya, ni ina wani gari, har ƙarshe. Suka gama, ni ban gama ba. Tsohuwa ita kaɗai tana ruri a ɗaki shiru, amarya ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce washegari magajin gari ya kira Lorenz ya ce ko dai a san yadda za a yi da ni, ko majalisa ta yi da kanta, da takarda, a karanta a dandali.

Na ce to me ya hana ki faɗa mini tun a daren?

"Na faɗa maka. Sau biyu, muna hawa matakala. Ka ce eh, naman ya yi gishiri."

Ta ɗauki kyandir ta mayar cikin akwati.

Litinin, 22 ga Maris, da rana

Sau biyu a matakala, ta ba ni baya, bakinta cikin gyale. Wannan ba faɗa ba ne.

Laraba, 24 ga Maris, da hantsi

Na hau benci na cire shi da farcena. Na goge leɓen da tsumma. Na rufe ramuka duka na hura, sai ga ta, tana rawa a hannuna har gwiwar hannu. Na daɗe a haka.

Lorenz ya shigo da gudu, ya tsaya a bakin ƙofa. Na miƙa masa kakin a tafin hannuna na ce ga kayanka. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

Na ce ranar Ista zan busa Tsohuwa da muryarta. Ita ce rana ta ƙarshe, ba za a rufe ta a akwati da baki a toshe ba. Ya ce Baba, idan abin biki ya sake faruwa fa, a gaban gari duka? Abin da za a riƙa tunawa da su ke nan har abada. Na ce to ka faɗa mini. Ka dube ni ka faɗi abin da ke damuna, da sunansa.

Ya ce shi da ya shigo gidan nan ba ya da ko takalmi, na koya masa sana'a, na ba shi 'yata, da wane bakin zai faɗa? Na ce da wanda ka ce mini Tsohuwa ta yi magana.

Ya fita. Hannun da ya iya hawa benci ya lailaya kaki, bakinsa ne ke jin kunya.

Juma'a, 26 ga Maris, bayan azahar

Gwaji na uku, ba kaki. An tsaya sau shida. Ba wanda ya dube ni ko sau ɗaya, duk sai su dubi ɗan autan yaran sana'a, shi kuma ya ce a yi haƙuri.

Na ƙirga a zuci, na kalli ƙafar Utz, na kalli kafaɗar mai ogan. Da ido ana kama farkon waƙa. Tsakiyarta ce ba a kamawa.

Lahadi, 28 ga Maris, da yamma

Saura mako ɗaya. Zan busa.

Talata, 30 ga Maris, da safe

Zan busa. Hakkina ne. Su je su karanta takardarsu a dandali.

Juma'a, 2 ga Afrilu, da la'asar

Ranar gicciye, ba busa, ba ƙararrawa. Gari shiru ga kowa, yau dai ni da su ɗaya muke.

Na sauka zuwa gidan gajiyayyu na bakin kogi. Na kai burodi. Na daɗe. Ba zan rubuta yau ba.

Asabar, 3 ga Afrilu, da rana

Na shafa wa takwas ɗin mai, ɗaya bayan ɗaya, da gashin agwagwa. Na aika a kira mini wani baƙon mabushi da ke kwana a masaukin gada, na gwada shi a sarewar Lorenz. Ba laifi. Yana lumshe ido kamar Bafaranshe, amma yatsunsa na da gaskiya.

Lahadi, 4 ga Afrilu, Ista, bayan cin abinci

Mun hau bene kafin a buɗe ƙofofi. Kowa ya ɗauki tasa. Na tsaya a gabansu na ce su saurara, ni dai ba zan ji amsarsu ba, don haka kada kowa ya wahalar da kansa.

Na ce kunnena ya mutu. Na hagu duka, na dama saura kaɗan. Na ce na sani tun kafin ku sani, kuma da ɗayanku ya tsaya ya faɗa mini da na zage shi, na kore shi, bayan kwana uku na kira shi na gode masa. Kun hana ni wannan kwana ukun.

Ga shi na rubuta. Bai fi layi biyu ba ashe.

Na karɓi sarewar Lorenz na ba baƙo. Na jawo Tsohuwa na sa bututun a hannun Lorenz. Ya ce Baba. Na ce rufe baki ka buɗe maƙogwaro, kuma kada ka hura ta kamar 'yan tsanarka na Faransa, daga ciki ake ba ta iska, a hankali, kamar mai hura garwashi. Utz ya ce yaron gajere ne, za ta kayar da shi. Na ce shi ya sa zan riƙe masa.

Haka aka yi. Na tsaya a gefensa, tafin hannuna a jikin itacen, mutanen ƙasa suna zaton tallafa masa nake. Na ji ta daga farko har ƙarshe. A wuri ɗaya ya yi gaggawa, na matse masa gwiwar hannu, ya dawo. Da suka kai muryar ƙarshe, takwas ɗin suka haɗu, har katakon bene ya ɗauka, na ji a tafin ƙafata.

Kuni ta ce mata sun yi kuka. Na ce ai mata kullum suna kuka ranar Ista. Ta ce magajin gari ma. Na ce wannan hayaƙin kyandir ne.

Ban huce ba. A rubuta wannan ma.

Litinin, 5 ga Afrilu, da hantsi

An zo an ɗauki akwatin. Mutum huɗu, suka buga shi da bango sau biyu a matakala. Lorenz ya ce ni da Kuni mu ci gaba da zama a ɗakin hasumiya, shi zai riƙa hawowa. Na ce zan duba. Kuni ta ce an duba.

Yanzu abin da na jiyo a bakin kogi.

Ba yaran Sebald ne suka liƙa masa kaki ba. Shi ya liƙa da kansa. Ya ga yadda fuskoki suke canzawa idan ya busa, ya jira wani ya yi magana, wata shida ba wanda ya yi. Ɗakin hasumiya kuwa na mai riƙe da muƙami ne, ga matarsa a kwance ba ta tashi, in ya sauka sai titi. Sai wata safiya ya hau benci. Yaransa sun gane tun makon farko. Ya san sun gane, sun san ya sani. Shekara biyu suna ce masa Maista, yau Tsohuwa ta yi daɗi, shi kuma yana cewa madalla. In ya dawo ɗaki sai ya zauna ya fuskanci bango har abinci ya huce. Kafin ya mutu ya ce da ɗayansu ya taɓa ce masa Maista, mun sani, zauna ka huta, ɗakin naka ne, da ya mutu da abokai.

Bayan an binne shi suka juya labarin, ya zama su suka yi, don tausayi. A haka ya iso ga Utz, a haka Utz ya miƙa wa Lorenz, har ya zama al'adar magabata. Rashin bakin mutum bakwai ne aka yi wa wanka aka sa masa riga.

Na zaunar da Lorenz da Utz na ba su shi yadda yake. Na ce wa Lorenz ranar da nasa kunnen zai tafi ba na nan, amma ya zaɓi wanda zai faɗa masa tun yanzu, ya sa shi ya rantse. Utz ya ce shi zai ɗauki aikin, ya ma fara tun yau in ana so. Daga nan ya tambaye ni wa ya ba ni wannan labarin, ko wani mashayin ne kuma.

Na ji shi a bakin mai igiya, na ji shi a bakin Utz, na ƙaryata ɗaya na zagi ɗaya. Wadda ta ba ni shi daga ƙarshe ba ta sha komai ba sai ruwan ɗumi. Shekararta tamanin da huɗu, ta sa bakinta a kunnena na dama ta faɗa da ƙarfi har masu gadon kusa suka juyo. Apollonia ce, 'yar Sebald, wadda ta ɗumama masa kakin a tafin hannunta.